Agiye: Kafin Ki Bar Ɗanki Ya Shiga 'Yan Baka

Duk wanda ya saba cin kasuwannin da ke kan babbar hanyar Maradi zuwa Damagaram, tun daga Caduwa da Agiye har Gazawa da Tasawa, ba zai rasa ganinsu ba. Can gefen kasuwa, nesa kaɗan da masu awon aya da riɗi da wake, za ka tarar da dattijo ya shimfiɗa buhu ya baje saiwoyi da sassaƙe, ga fatar damo, ga ƙayar beguwa, ga ƙahon gada, a bayansa kuma baka ne jingine da kwari wanda ya yi baƙi saboda shekaru. Mata suna tsayawa wurinsa neman maganin shawara ko na dankanoma, yara kuwa ba abin da suke kallo sai bakan nan. Wannan shi ne mahalbi, ko maharbi kamar yadda Kanawa ke cewa, kuma ƙungiyarsu ce ta riƙe harbin baka a wannan ƙasa tun kaka da kakanni, ƙarƙashin shugabansu da ake kira Sarkin Baka.

Abin da ya sa muka ɗauko zancensu shi ne, a 'yan shekarun nan sunan mahalba da mafarauta ya sake fitowa a bakin jama'a, ba don nama ba, sai don tsaro. Saboda haka ba abin mamaki ba ne uwa tana zaune bakin tallarta ɗanta ya zo ya ce mata shi fa yana son ya shiga 'yan baka. Kafin ki ce masa je ka, ko ki ce ba da yawunki ba, Hajiya, ya kamata ki san me ake shiga, ta wace ƙofa ake shiga, da kuma abin da ya rage na wannan sana'a a yau.

Baka ne ya tsare garuruwan nan

Ba a banza mutanen wannan yanki suke girmama baka ba. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, sarakunan Haɓe na Katsina sun yi arewa suka kafa mulkinsu a Maradi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri, wadda a yau take cikin yankin Gidan Rumji, bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Shekaru da dama ana gwabzawa tsakaninsu da Katsina da Sakkwato. Doki da sulke na masu sarauta ne da masu hali, talaka kuwa makaminsa baka ne, kuma dakarun 'yan baka su ne suke tsayawa bayan kafi su hana mahaya shiga gari.

Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya ratsa ta Tasawa da Gazawa a watan Janairu na 1851 a kan hanyarsa ta zuwa Katsina. Ya tarar da Gazawa gari ne na bakin iyaka, kewaye da kafi da gwalalo, daga nan kuma zuwa Katsina ƙungurmin daji ne da fatake ba sa shiga sai sun yi ayari, har da sawun giwa a ciki. Mai karatu ya dubi wannan hanya a yau, gona na bin gona, ƙauye na hangen ƙauye, ya gaya mini inda giwa za ta sa ƙafa.

Ko da Turawa suka zo ma da kibiya aka tarye su. A watan Afrilu na 1899 mayaƙan Sarauniya Mangu sun tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a Lugu, cikin ƙasar Arewa, da kibau masu dafi. Bindiga ce ta yi rinjaye, aka ƙone garin, rundunar ta ci gaba da ɓarna tana yin gabas, har zuwa watan Yuli na wannan shekara da sojojin jagororin biyu suka juya musu baya suka kashe su a kusa da Maijirgi, ƙasar Tasawa, maƙwabciyar Gazawa. Tun daga wannan zamani aka san cewa baka ya bar fagen yaƙi, ya koma hannun mahalba.

Ba a shiga da takarda

Da farko dai a bambance mahalbi da mafarauci, domin mutane da yawa suna haɗa su. Farauta ta gayya ce, ta rani, bayan an kawar da amfanin gona: a busa ƙaho, samari su fito da karnuka da gora da barandami, a tashi zomo ko zabo a bi shi a guje, kuma kowa ya san yadda ake kaurewa da faɗa a kan na wa ne ya fara bugu. Mahalbi kuwa shi kaɗai yake shiga daji ko shi da yaronsa, yana bin sawu, yana karanta iska, yana iya kwana a kan itace yana jiran dabba ta zo shan ruwa. Shi ne mai sa kan burtu a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane ya riƙa rarrafe yana kwaikwayon tafiyar tsuntsun, har ya kusanci barewa ba ta ankara ba.

Mafi yawan mahalba gadon abin suka yi. Wanda bai gada ba, to sai ya yi ubangida. Iyayensa ko wani babba nasa su kai shi wurin Sarkin Baka ko wani dattijon mahalbi da goro, a yi addu'a, a damƙa shi. Ba a ba shi kibiya ranar farko, kuma ba a ba shi a wata na farko. Zai fara ne da ɗaukar jaka da gora ta ruwa, da fiɗa, da ƙyafe nama, da sanin sunayen itatuwa, wanne ne magani wanne ne guba. Ubangida yana lura da shi: yana da surutu ko yana da kame baki, yana da haɗama wajen rabo ko yana da haƙuri, idan an tsorata yana gudu ya bar kaya ko yana tsayawa. Wanda aka ga yana da saurin fushi, dattawan kirki ba sa sakar masa sirrin dafi ko da shekara nawa ya yi, kuma ni a ganina wannan ita ce doka mafi daraja da ƙungiyar take da ita.

Kayan aikin duk na gida ne, kuma kusan kowanne akwai mai cin abinci a kansa a kasuwa. Ana yin baka da gora ko icen dargaza da makamantansu masu lanƙwasa ba su karye ba. Tsarkiya ta fata ce da aka murɗa. Jikin kibiya kyauro ne, kanta kuma maƙeri ke ƙerawa ya fitar mata da kunnuwa don in ta shiga kada ta fita, a ɗaure da jijiya. Kibiyar Bahaushe ba ta da gashin tsuntsu a gindi irin ta Turawa, shi ya sa ba ta dogon zango, kuma shi ya sa gwanintar mahalbi ba a ƙarfin ja take ba, a iya sanɗa take. Kwari kuma aikin dukawa ne. Dafin da aka fi sani ana samunsa ne daga kwankwani, wanda likitoci suka tabbatar zuciya yake kamawa ya tsayar da ita, don haka ko ƙwarzane kibiya ta yi wa dabba ba za ta yi nisa ba. A nan ne karin maganar nan ta harbi a wutsiya ya fi kuskure take da cikakkiyar ma'ana. Uwar gida ta riƙe wannan da kyau: kwarin da aka rataye a ɗaki, ko ya shekara goma, ba abin wasan yara ba ne.

Wanda ya shiga ya ɗauki nauyi. Akwai kason da ake fitar wa Sarkin Baka da mai gari daga babban nama, akwai gudummawa idan ɗan'uwa ya yi biki ko suna ko rashi, akwai fita ranar Sallah ko naɗin sarauta cikin rigar layu da warki, makaɗa na kaɗa komo ana kirari kowa na faɗin abin da ya kashe. A da can ba a fara farautar shekara sai an yi buɗin daji, bikin da Anna na kwarin Maradi suke yi, wanda wani masani Bafaranshe mai suna Guy Nicolas ya yi dogon rubutu a kansa a 1975, kuma Masalata ta kusa da Birnin Ƙonni ta yi suna da shi. Malamai sun daɗe suna sukar tsafin da ke cikin irin waɗannan al'adu, mahalba da yawa kuma sun bar shi sun riƙe sanin daji da magani kawai. Wannan ma abin tambaya ne ga uwa kafin ta miƙa ɗanta: wane irin gida ne za a kai shi?

To ina dajin?

Sai dai kash, duk wannan ilimi an gina shi ne a kan daji, dajin kuwa ya tafi. Ƙasar Agiye na cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a karkarar Nijar, har ta kai ba a barin gona ta huta. Abin da ya rage sai gandayen gwamnati irin su Dan Kada Dodo da Dan Gado, da kwarin Gulbin Kaba mai goriba, sai kuma Baban Rafi can kudancin Madarunfa. Gaskiya ne itace ya dawo gonaki, domin tun daga shekarun 1980 manoman Maradi suka rungumi dabarar barin tsiron kututture ya girma maimakon a sare shi, kuma ƙauyen Dan Saga na nan Agiye ya yi suna a duniya kan wannan aiki. Amma gawo da kalgo a tsakiyar gero ba su ne dajin barewa ba. Abin da mahalbin yau yake samu bai wuce zomo da kurege da gafiya da fakara ba, ranar sa'a a sami damo. Babu mai riƙe gida da wannan, shi ya sa za ki ga mahalbi manomi ne da damina, mai maganin gargajiya da rani, wani kuma mai gadin shaguna da dare.

Ga kuma hukuma. Dokar farauta ta Nijar mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ta tanadi cewa farauta sai da izni kuma sai a lokacin da aka buɗe ta, ta hana farautar dare da cinna wa daji wuta da sa guba a abincin dabba, ta kuma ware dabbobin da ba a taɓa su sam, irin su raƙumin dawa da jimina. Jami'an gandun daji suna da ikon kamawa da ƙwace kaya. Mai sayar da naman daji a kasuwa ita ma ta sani cewa idan aka zo kame ba a tambayar wa ya harba, wanda aka samu da nama a faranti shi ake fara riƙewa.

Daga bin zomo zuwa bin ɓarayi

Abin da ya dawo da martabar mahalba a idon samari shi ne rashin tsaro. A 2014, bayan sace 'yan matan Chibok, ɗaruruwan mafarauta sun taru a Maiduguri suna neman a ba su izni su shiga daji, kuma a ƙarshen wannan shekara maharban Adamawa sun taimaka wa soja wajen ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram. A cikinsu ne aka san Aisha Bakari Gombi, mace mai ɗinki wadda ta gaji farauta, har aka yi mata sarautar sarauniyar mafarauta. Labarinsu ya zaga ko'ina ta rediyo da wayar salula.

Nan gida kuma, tun daga 2019 dubun dubatar 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako yankin Gidan Rumji, har aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Dan Daji Makau da Cadakori. Satar shanu da satar mutane don kuɗin fansa suka biyo su zuwa ƙauyukan bakin iyaka na Gidan Rumji da Madarunfa. Ɗan kasuwar da ke bin hanyar Jibiya ko Dan Isa ba sai an ba shi labari ba. Idan saurayi ya ga an kore shanun ubansa, ko an tare motar da uwarsa take ciki, dole zuciyarsa ta raya masa ya ɗauki makami, kuma babu mai zarginsa a kan haka.

Amma a faɗi gaskiya komai ɗacinta: baka ba ya karawa da bindiga mai sarrafa kanta. Mutanen Lugu sun gwada tun 1899, kuma bindigar yau ta fi ta wancan zamani nesa ba kusa ba. A watan Afrilu na 2014 'yan bindiga sun auka wa taron 'yan banga da mafarauta a 'Yar Galadima ta jihar Zamfara, suka kashe mutane masu yawan gaske, wasu rahotanni suka ce sun haura 100. Layu ba su hana ba. Haka kuma mutanen Zamfara da kansu suna faɗin yadda 'yan sa kai suka riƙa kama mutum a tsakiyar kasuwa su yanke masa hukunci don kawai kamanninsa ko yarensa, abin da ya ƙara rura wutar ramuwar gayya, kasuwanni da dama suka mutu. A watan Maris na 2025 kuma an kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, suna kan hanyar komawa gida yin Sallah, bayan an ga bindigogin farauta a motar da suka hau. Wato makamin da yaro yake gani kariya ne, a wani wurin shi ne zai ja masa ajali.

Amfanin mahalbi na gaskiya a harkar tsaro idonsa ne da ƙafarsa: ya san sawu, ya san mashaya, ya san hanyar da aka bi da shanu, ya kai wa mai gari da jandarma labari. Don haka idan ƙungiyar da ɗanki yake son shiga ba ta da dattijo a kanta, mai gari bai san da ita ba, hukuma ba ta san da ita ba, ana taro da dare ana karɓar kuɗi a hannun mutane da sunan gadi, to wannan ba 'yan baka ba ne ko da sun rataya kwari goma.

Akwai wata ƙofar

A sauran duniya harbin baka bai mutu ba da daji ya ƙare, wasa ya koma. Tun 1931 aka kafa hukumar wasan ta duniya, kuma tun 1972 ba a fasa yin sa a gasar Olamfik ba. Ana tsayawa ne a tazarar mita 70 a harbi faifai mai faɗin santimita 122, wanda aka zana wa zobba goma: rawaya a tsakiya mai maki 10 da 9, sai ja, sai shuɗi, sai baƙi, sai fari a baki mai maki 2 da 1. Zoben tsakiyar nan bai fi bakin ƙaramin kwano ba. Mai koyo kuwa daga mita 10 zuwa 18 yake farawa. Kuma ba wasan maza ba ne su kaɗai: matan Koriya ta Kudu sun ci zinaren ƙungiya sau goma a jere, daga 1988 har 2024.

Kada a ce wannan sai ƙasashen masu kuɗi. Maƙwabciyarmu Chadi ta kai Marlyse Hourtou gasar Tokiyo, ta kuma kai Israel Madaye ta Paris a 2024. Shi Madaye mai gyaran wutar lantarki ne, kuma da ya haɗu da gwanin duniya Kim Woo-jin na Koriya har akwai kibiyarsa da ta ci maki 1 tak. An yi ta ba da labarin, amma maimakon dariya sai Koriyawa suka riƙa yaba masa, ganin irin ƙarancin kayan da ya yi horo da su har ya kai wannan fage.

Mu a Nijar ma mun taɓa ganin yadda ake ɗaga wasan ƙauye. Kokawa a dandali ake yin ta bayan girbi, sai a 1975 aka shirya gasar ƙasa ta farko a Tawa, kuma ɗan Maradi ne, Yakuba Kantu, ya fara zama sarki, wanda filin kokawar Maradi ke ɗauke da sunansa. Yau duk ƙasa tsayawa take cik idan ana neman takobi, kuma 'yan kasuwa sun fi kowa sanin irin cinikin da ake yi a garin da ya karɓi baƙuncin gasar, tun daga mai tuwo har mai gidan haya. Me zai hana baka ya bi wannan sawu?

Abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba. Fili a bayan gari wanda yake da tudu ko katanga a bayan abin bara, ba hanyar mutane ko ta dabbobi ba. Buhu a cika shi da ƙaiƙayi ko tsumma a zana masa zobba. Maƙeri ya ƙera kibau marasa kunne, waɗanda ba su taɓa ganin dafi ba, a ajiye su dabam da na daji. Mutum ɗaya ne zai riƙa ba da izinin harbi da izinin zuwa ɗebo kibau, kuma ba wanda zai ɗana kibiya alhali akwai mutum a gaba. Wannan mutum kuwa ba sai an ɗauko shi daga Yamai ba, ga Sarkin Baka nan da dattawansa, waɗanda iliminsu ke shirin bin su kabari don babu dajin da za su koyar da shi. A sanar da mai gari da magajin gari tun kafin a fara, a rubuta sunan duk yaron da ya shiga da sunan mahaifinsa.

Kuɗin kuwa, ƙungiyar 'yan kasuwar da ke iya haɗa wa ɗan kokawa buhunan shinkafa da babur ba za ta gaza sa turmin atamfa ko ɗan tunkiya ga wanda ya fi iya bara ba, matan da ke zuba adashi duk ranar kasuwa ma sun iya sayen baka biyar a wuri ɗaya. Yammacin ranar kasuwa, bayan la'asar, lokacin da aka fara ɗaure kaya kuma motocin Tasawa da Maradi ba su tashi ba, ya isa a yi zagaye uku.